Mai Riƙe Bonet

Shin Norval ya ga lokacin da ƙanensa ya zare sandar nan, ko bai gani ba? Ni dai ban sani ba, kuma duk garin Marlow babu wanda zai iya rantsewa a kai. Abin da aka sani shi ne Norval yana sunkuye a kan injin motar yana goge murfin matatar iska, wani faifan ƙarfe mai ƙyalli wanda mutum kan ga fuskarsa a ciki, ya kuma ga abin da ke bayansa. Norval kuwa shekara arba'in ya yi yana aski. Wanda ya ƙarar da rayuwarsa a gaban madubi ba ya bukatar waiwaye kafin ya san wa ya motsa a bayansa.

Wata goma sha huɗu Emmet Tackett, ƙanen nasa, ya yi yana juya wannan tambaya a ransa.

Motar ta mahaifinsu ce. Sabuwa dal ya sayo ta a shekarar 1969, koriya shar, mai ƙofa biyu da dogon hanci, wadda in an tayar da injinta a gareji sai kofuna su kama rawa a kantar kicin. Da tsohon ya rasu aka yi rabo ba musu: Norval ya ɗauki shagon aski, Emmet ya ɗauki mota. Tun daga ranar bai canza mata ko noti ɗaya ba matuƙar na asalin yana aiki. A gasar tsofaffin motoci da ake yi duk watan Agusta a filin baje kolin gunduma, akwai rukunin motocin da suka rayu da kayansu na masana'anta, kuma a nan Emmet ke ajiye tasa. Alƙalan rukunin nan da tocila suke leƙa lungu, sun san launin kowace waya. A jikin sifirin biyun da ke ɗaga bonet akwai ɗigon fenti rawaya, wanda wani ma'aikaci ya ɗiga da buroshi tun ba a haifi rabin mutanen filin ba. Emmet kan nuna wa baƙi ɗigon nan kamar yadda wasu ke nuna hoton jika.

Sai dai sifirin ɗin sun gaji. Bonet na motocin wancan zamani ƙarfe ne zalla, ya kai laba saba'in, ƙato ɗaya ba ya ɗaga shi sai da nishi in babu sifirin. In Emmet ya buɗe shi yakan tsaya minti biyar, wata rana goma, sannan ya fara sunkuyowa a hankali. In kuwa akwai iska, ba ya jiran komai. Norval ya sha gaya masa ya sayi sababbi. Shi kuma sai ya yanke sandar tsintsiya daidai tsawo, ya riƙa tokarewa da ita.

Ran gasar bara, da hantsi, Emmet ya hango alƙalai uku sun zo kan mota ta biyu kafin tasa. Sanda a ƙarƙashin bonet shaida ce cewa sifirin ya mutu, kuma maki ake cirewa. Ya dubi tutar da ke kan dogon ƙarfe a bakin filin, ya ga ta kwanta lamo. Sai ya zare sandar, ya tura ta ƙarƙashin mota da ƙafa. Maganar tana bakinsa, Yaya, janye jikinka. Amma ya san wansa, bakinsa na shagon aski ne, ba ya magana a hankali. Da ya faɗa, Norval zai ɗaga murya ya ce a mayar da sandar nan kafin ta kashe wani, alƙalai kuma su ji. Emmet ya lissafa cewa minti biyu kawai yake bukata. Ya yi shiru.

Iskar daga wajen gonakin masara ta taso, guda ɗaya tak, wadda ba ta kai ta ɗauke hular mutum ba. Norval ya riga ya ɗago kansa. Hannunsa na dama ne ke dafe a kan ƙarfen gaba, daidai inda bakin bonet ke zama.

Mutane sun ce ƙarar ta kai har wajen rumfar shanu. Emmet ba ya tuna ƙarar. Abin da yake tunawa shi ne, bayan ya ɗaga bonet ɗin, ana ta gudu ana kiran motar asibiti, ƙafarsa ta shiga ƙarƙashin mota ta jawo sandar ta fito da ita fili a kan ciyawa. Mutumin farko da ya tambaye shi abin da ya faru, ya ce masa sanda ce ta zame. Haka ya gaya wa na biyu, haka ya gaya wa Arlene matar Norval a barandar asibiti. Shi kuwa Norval bai taɓa tambaya ba. Da ya farfaɗo daga aikin da aka yi masa, ya daɗe yana kallon ƙanensa, sannan ya ce masa ya je ya rufe gilasan motar, ga alama za a yi ruwa.

Hannun ya warke, amma manuniya da ɗan tsakiya sun sandare, ba sa lanƙwasuwa. Almakashi ya gagara. Askar gemu kuwa Norval da kansa ya naɗe ta ya sa a aljihun tebur, ya ce ba zai kai ta maƙogwaron bawan Allah da hannun da bai yarda da shi ba. Ya koyi riƙe injin aski da hagu, yana buɗe shago kwana uku a mako, tsofaffin da suka saba da shi suna zuwa don kada a ce sun gudu. Emmet bai ƙara zama a kujerar askin wansa ba. Mil ashirin yake tuƙi zuwa Dunmore a yi masa aski. Motar kuma ya lulluɓe ta da bargo a gareji, bai sake buɗe bonet ɗinta ba.

Ran Lahadi bayan coci yana zuwa cin abinci gidan wansa kamar kullum, domin rashin zuwan zai fi zuwan magana. Yakan zauna yana auna kowace kalma. In Norval ya miƙo masa kwanon dankali da hannun nan, Emmet sai ya rasa ko miƙo abinci ake yi ko nuna masa ake yi.

Wata Juma'a cikin Oktoba, da rana, Arlene ta kira shi a waya. Ta ce ya share gareji, gobe da safe yayansa zai zo da kaya. Ya tambaye ta wane kaya, ta ce ita ina ta sani, wani ƙaramin kwali ne mai nauyin tsiya da aka kawo ta gidan waya, Norval ya kwana uku yana shafa shi. Kafin ta ajiye ta ƙara da cewa tun da ya koma aski a Dunmore kansa ya zama kamar filin da akuya ta yi kiwo, in yana neman bazawara da wannan kan to ya haƙura. Emmet ya yi dariyar da ake bukata. 

Ƙarfe tara a-kori-kurar Norval ta tsaya a ƙofar gareji. Ya fito da kwalin a hammata, da wani tsohon gwangwanin kofi wanda Emmet ya gane nan take, na mahaifinsu ne, cike da washa, faifayen ƙarfen nan masu huda a tsakiya. Norval ya shekara sittin da takwas, dogo ne mai faɗin kafaɗa, har yanzu Auta yake kiran ƙanensa mai shekara sittin da ɗaya.

"Auta, yaye mata bargon nan ta sha iska. Ba gawa ba ce."

Emmet ya yaye. Norval ya buɗe kwalin a kan teburin aiki, ga sifirin biyu baƙaƙe wuluk, kowanne kaurin wuyan hannu, da ƙugiya a kowane kai, zobensu a matse ko takarda ba ta shiga tsakani. Emmet ya ce ai da ya sani da ya kai motar gareji a Dunmore an yi a can. Norval ya ce yaran can in ba su jona mota da kwamfuta ba ba su san inda take ciwo ba. Emmet ya ce ga sanyi ya fara, a bari sai bazara. Norval ya ce sifirin ba ya jin sanyi. Daga nan bakin Emmet ya suɓuce, ya ce in aka cire na asalin, motar ta fita daga rukuninta ke nan, makin ya tafi.

Norval ya ɗago ya dube shi.

"Maki," ya ce.

 Ya juya ya zazzage washa a kan tebur, yana ware su da yatsun hagu. 

Sai Norval ya shiga bayanin aikin, ko da yake duk su biyun sun ga mahaifinsu yana yi a motar maƙwabci. Sabon sifirin ba ya miƙuwa da ƙarfin hannu, wanda ya gwada ja da filaya yakan rasa haƙori ko ido. Dabarar ita ce a matse shi a bakin matsin ƙarfen da ke kafe a tebur, a lanƙwasa shi gefe, a cusa washa tsakanin zobe da zobe har ya ƙara tsawo, sannan a rataya shi a hinji, wato mahaɗin bonet da jikin mota, bonet yana buɗe. Daga nan mutum ɗaya ya riƙe bonet ya riƙa saukewa a hankali, sifirin yana miƙewa washa suna zubewa, ɗayan kuma yana ciki, kansa a ƙarƙashi, ya danne ƙugiyar sama da sukuddireba har ta zauna a gurbinta. In ba a danne ta ba, tsalle take yi.

"Ni in riƙe, kai ka shiga," in ji Norval.

"Ba zan shiga ƙarƙashinsa kana riƙe ba, Yaya."

Maganar ta fito da sauri fiye da yadda ya so. Norval ya ci gaba da ware washa.

"Saboda hannun?"

"Saboda hannun."

"To kai ka riƙe, ni in shiga."

Emmet ya dubi dogon hancin motar, a ransa ya ga furfurar wansa a ƙarƙashin ƙarfen, ya ga hannuwansa shi da kansa jiƙe da gumi a bakin bonet. Ya ce wannan ma ba zai yiwu ba, yatsun Norval ba za su riƙe sukuddireba da ƙarfi ba. Ya kawo shawarar igiya, a ɗaura a hancin bonet a rataya a sama. Norval ya ɗaga kai ya kalli silin ɗin da Emmet ya rufe da allo ya shafe da farin fenti don kada ƙura ta zubo wa motar, ya ce a jikin me za a rataya, a jikin ƙwan lantarki? Kuma ko da akwai wurin, igiya hanci kawai take ja, bonet mai sifirin a gefe guda yana murɗewa, sai ya karye a gindin hinji. Hannu biyu yake so, masu jin inda nauyi ya karkata.

"To ba ka riƙe ba ka shiga," in ji Norval. "Sai mu kira fasto ya yi masa addu'a ya tsaya da kansa."

Suka tsaya a kan cewa za su fara da abin da za a iya yi bonet yana tokare, sauran a gani. Emmet ya ɗauko katako biyu masu kauri, ya yi wa kowanne tsaga a kai da zarto, ya kafa su dama da hagu, ya girgiza su sau uku. Ya sa gilashin kare ido. Norval yana zaune a kan bokitin fenti yana kallo, yana shan kofi daga murfin fulas, ya ce ko gadar kogin Wabash ba a yi mata wannan hidima ba.

Tsohon sifirin na hagu ya yi laushi har ana iya ɓamɓare shi da doguwar sukuddireba. Emmet ya sa bakinta a ƙugiya, ya danna. Ɗigon fentin yana daidai idonsa. Ya ƙara dannawa, sai abin ya kuɓce. Bai ga tafiyarsa ba. Ya dai ji iska a gefen kunnensa, sannan kwalbar ƙusoshi da ke kan kanta, taku shida daga motar, ta tarwatse. Sifirin da ya gaji ke nan, wanda ya kasa riƙe bonet. Emmet ya tsaya riƙe da sukuddireba. Norval ko kofinsa bai zuba ba.

Ya ɗauko tsintsiya ya juya baya yana share gilas. Yana cikin shara ya ji wani ƙas a bayansa, ƙaramin sauti. Ya waiwaya. Norval yana tsaye a gefen dama na motar, ya naɗe ɗaya sifirin ɗin da tsumma ya ɓamɓare shi da hannun hagu, ga shi yana riƙe da shi kamar ya kamo ɓera.

Yanzu babu sifirin ko ɗaya. Duk nauyin ƙarfen yana kan katako biyu.

Emmet ya ce ai ɗaya bayan ɗaya ake yi, a bar tsoho guda yana taimakawa. Norval ya ce Baba duka biyun yake cirewa. Emmet ya nemi ranar nan a ƙwaƙwalwarsa, motar maƙwabci, mahaifinsu da taba a baki, shi yana ɗan shekara goma yana riƙe da gwangwani. Ya kasa tuna ko duka biyun aka cire. Mai yiwuwa gaskiya ne. Mai yiwuwa kuma ba a taɓa yin haka ba sai yau.

Suka koma tebur. Emmet ya matse gindin sabon sifirin a bakin matsi, ya zura guntun bututu a ƙugiyar sama, ya ja da dukkan ƙarfinsa. Zoben suka buɗe baki a gefe guda, kaɗan. Kafin ya ce wani abu Norval ya ɗauki washa ya kai yatsunsa na hagu cikin tsagar, ya cusa, ya ɗauki wata. Emmet ya ga naman yatsun a tsakanin baƙin ƙarfe. In bututun ya zame masa, in tafinsa ya yi santsi, zoben za su rufe a kan hannu ɗaya da ya rage wa wansa na cin abinci.

"Yaya, yi amfani da filaya."

"Riƙe dai. Ja ɗaya gefen."

Ya ja. Norval ya ci gaba da cusawa, dama, hagu, dama, ba gaggawa, yana hira kamar yana shago. Ya ba da labarin wani manomi da ya yi barci a kujera ya farka ya ce ba shi aka yi wa askin ba. Ya tambayi sunan mai askin Dunmore, ya ce a gaishe shi, a gaya masa kunnen mutum biyu ne kuma daidai suke. Emmet ya ci gaba da jan bututun, haƙoransa a cije. Yana ta tambayar kansa, wannan yarda ce, ko kuwa nuna masa ake yi yadda yarda take don a ga abin da zai yi? Mutumin da bai san komai ba zai iya sa yatsunsa a nan. Mutumin da ya san komai shi ma zai iya.

"Ka san wani abu da na lura a sana'ata?" in ji Norval, idonsa a kan sifirin. "Ƙeyar mutum tana riga fuskarsa yin ja. Fuska ana iya koya mata. Ƙeya ba ta san ana kallonta ba." Ya cusa wata washa. "Taka ta yi ja, Auta. Zafi kake ji?"

Emmet ya ce ƙarfen ne da tauri.

Da suka gama, sifirin ya ƙara tsawon yatsa biyu, ya yi burɗin-burɗin da washa kamar zangarniyar masara. Emmet ya ɗauke shi da hannu biyu, a hankali, ya kai gefen hagu. Da katakai a tsaye ya iya sunkuyawa. Ƙugiyar ƙasa ta shiga raminta lafiya. Ta sama kuwa da ƙyar bakinta ya kama gefen gurbin, tsininta kawai, kamar farce a bakin tebur. Ya gwada ƙara washa, babu sauran wuri. Ya gwada bugun ta da ƙotar sukuddireba, ba ta motsa ba. Ba za ta zauna ba sai sifirin ya ja, sifirin kuma ba zai ja ba sai bonet ya sauko, da wani a ciki yana danne da ita.

Ya fito ya miƙe. Ya tarar Norval ya riga ya cire jaket ya tsaya a gaban motar, ya ware ƙafafu, tafukansa biyu a ƙarƙashin bakin bonet. Yatsu biyun nan a miƙe suke, ba su kama komai ba. Da sauran ukun da tafin yake riƙo.

"Cire katakan."

"Na gaya maka ba zan shiga ba."

"Na ji. Cire katakan dai, in ji nauyinsa. In ba zan iya ba sai in faɗa."

Emmet ya cire na dama. Ya zaga ya cire na hagu, ya ajiye shi kusa da ƙafarsa. Jijiyoyin hannun Norval suka tashi. Bonet ya ɗan yi ƙasa, ya tsaya. Norval ya ce zai iya.

Gareji ya yi tsit, sai ƙarar injin yankan masara daga nesa. Emmet ya dubi ramin da ke tsakanin bonet da gefen motar, inda wuyansa zai kwanta. Gefen ƙarfen siriri ne. Hinjin da kansa kamar almakashi yake rufewa. Ba sai an sake shi da gangan ba ma. Ya isa a ce hannu ya gaji, hannun da kowa a gari ya san ya lalace, kuma babu wanda zai tambaya sau biyu. Shi ya fi kowa sanin yadda irin wannan bayani ke wucewa sumul.

Sai wani tunani ya zo masa wanda ya fi wancan muni. In Norval bai sani ba, to lafiya lau zai shiga ya fito, kuma abin da zai tsare masa wuya shi ne ƙaryar da ya yi a kan ciyawa. Zai sa mutumin ya ɗauke masa laba saba'in da ragowar hannunsa, alhali bai san wa yake ɗauke wa ba. Wannan ba yarda ba ce, wata satar ce a kan ta farko. In kuma ya faɗa, to ko da Norval bai sani ba ɗazu, yanzu zai sani, ƙarfen yana hannunsa.

Ya so ya mayar da katakan tukuna, su zauna, ya faɗa a kan bokitin fenti da kofi a tsakaninsu. Ya san in ya mayar da su ba zai faɗa ba, yau ko wata rana.

"Yaya." Muryarsa ta fito siririya. "Sandar nan ba zamewa ta yi ba. Ni na zare ta. Na ga alƙalai sun kusa, na zare na tura ƙarƙashin mota. Na gan ka a sunkuye, ban yi magana ba, don kada su ji. Bayan abin ya faru na jawo ta da ƙafa na ce zamewa ta yi."

Norval bai motsa ba. Hannuwansa a sama suke, damtsensa ya rufe rabin fuskarsa, inuwar bonet ta rufe sauran. Emmet ya nemi idonsa bai samu ba. Babu mamaki a tsayuwar, babu kuma rashin mamaki. Abin da kawai ya gani shi ne hannun daman ya fara kakkarwa, tun daga wuyan hannu har gwiwa, kuma wannan nauyi kaɗai ya isa ya sa shi.



"Ka gama?" in ji Norval.

"Na gama."

"To hannun nan ba zai kai minti biyu ba. In za ka shiga ka shiga. In ba za ka shiga ba, mayar da katakon."

Katakon yana nan kusa da takalminsa, sunkuyawa ɗaya ce. Emmet ya dube shi.  Ya miƙa hannu ya ɗauki sukuddireba daga kan gefen motar, ya goge tafinsa a wando. Sannan ya sunkuya ya zura kansa da kafaɗarsa ƙarƙashin ƙarfen, har ya ji sanyin gefen motar a maƙogwaronsa, ya ɗora bakin sukuddireba a kan ƙugiyar ya danne.

"Sauke, Yaya," ya ce. "A hankali."